Kafin a Aza Harsashi: Tambayoyi Kan Inda Za a Gina Sabuwar Sakandare

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin za a gina sabuwar sakandare, gardamar da ke fara tashi ita ce wace unguwa za ta samu. Maganar ko yara za su zauna lafiya a wurin kuwa, sau da yawa sai an buga rufi ake tunawa da ita.

Me ya sa tsofaffin makarantun kwana suke can bayan gari?

Fili ne ya kai su. Makarantar kwana tana son ɗakunan kwana, filin ƙwallo, gona da gidajen malamai, kuma cikin gari ba inda za a samu wannan sarari. Mutanen da ma suna ganin nesanta yaro da kasuwa tarbiyya ce. A wancan zamani fargabar shugaban makaranta ba ta wuce maciji da kunama ba, sai ɗan banzan yaron da ke haura katanga ya tafi silima.

To me ya sauya?

Dajin da ke bayan katangar ne ya sauya. A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A Fabrairu 2018 aka ɗauki 110 a Dapchi. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kora yara maza fiye da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a ƙafa, suka nausa daji da su. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka aka sace 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara.

Wanda ya san irin makarantun nan ya san kamanninsu: gari a gaba, jeji a baya, katanga ta zube ta wani ɓangare, maigadi dattijo da tocila da sanda. Mahari ba ruwansa da kyan ajujuwa. Lissafinsa biyu ne: minti nawa zai kai bakin daji, minti nawa kuma agaji zai iso. Wannan lissafin ya kamata mai zaɓen fili ya riga shi yi.

Ke nan in an gina ta a tsakiyar gari an huta?

Ina fa! A Kuriga ta jihar Kaduna, an riga an maido ɗaliban sakandare harabar firamare ta cikin gari saboda rashin tsaro, amma a Maris 2024 mahara suka zo da safe suka kwashe yara daga makarantun biyu. Maƙwabta suna da amfani, su ne ke fara ganin baƙuwar fuska, amma ba za su tare bindiga da hannu ba. Dole a duba nisan ofishin 'yan sanda ko sansanin soja, da ko hanyar tana biyuwa da damina, da ko waya tana shiga. Makarantar da sai an hau tudu ake samun sabis, ihunta banza ne.

Cikin gari ma da nasa haɗarin. Ƙofar makaranta ta buɗe a kan babbar hanya, a tashi yara dubu lokaci guda, ga tirela ga 'yan acaɓa, wannan kullum sai an riƙe zuciya. Gobarar tankar mai a Majiya ta Jigawa, wadda ta ci rayuka fiye da 150 a Oktoba 2024, ta isa ta nuna abin da ke bin titunan nan. Haka gidan mai, tashar mota, da manyan wayoyin lantarki: layin 330kV ana barin masa mita 25 kowane gefe, ba a gini a ciki.

Ina ruwan ƙasar wurin da tsaron ɗalibi?

A ganina nan aka fi yin sakaci. Duk filin da ya daɗe a buɗe kusa da gari ba wanda ya gina, akwai dalili. Wani fadama ce, wani hanyar ruwa, wani tsohon kududdufi da aka cike da shara. Injiniya yakan zo a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙarau, ya auna ya tafi. Da ya zauna da dattijon da ke noma gefen wurin ya ce, "Baba, ina ruwa ya tsaya shekarar babbar ambaliya?" da an nuna masa alamar a jikin tsamiya. Mutanen Maiduguri sun ga yadda ruwa ke neman tsohuwar hanyarsa da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024.

A yankunan haƙar zinare kuma sai an gwada ƙasar kanta. Gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Bagega, ta kashe yara ɗaruruwa, kuma a ƙurar da suke wasa cikinta take.

Ɗaliban jeka-ka-dawo fa?

Su hanyar ce makarantarsu ta farko. In sai yarinya ta ratsa gonakin dawa da suka rufe mutum, ko ta tsallake rafi, uba zai ce ta zauna gida, kuma da wuya ka ga laifinsa.

Wa ke da ta cewa a zaɓen filin?

A doka, tun 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. A aikace kuwa, filin da aka samu kyauta shi ke yin nasara, don ba a son biyan diyya. Wani ya bayar don Allah, wani don filayensa na kewaye su yi daraja, wani don a ce shi ya kawo wa ƙauyensu. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, kuma a 2021 ta fitar da manufar tsaron makarantu ta ƙasa, sai dai takarda ba ta zuwa duba fili.

Iyaye me za su iya yi?

Su je da ƙafarsu, tare da mai unguwa da kwamitin makaranta. Su je a watan Agusta bayan ruwan sama, su koma bayan magariba. Wani ya gwada kiran waya daga inda za a yi ɗakin kwana, wani ya hau babur zuwa ofishin 'yan sanda yana duba agogo. Abin da suka gani su rubuta, su sa hannu, su kai ma'aikatar ilimi tun ɗan kwangila bai sauke yashi ba.