Amsoshin tambayoyin da kuke ta yi mini kan harba 'yan sama jannati

Kimiyya nake koyarwa a wata sakandare a Birnin Kebbi. Duk ranar da aka ce za a harba mutane sama, tambayoyi iri ɗaya ake jero mini, ɗalibai a aji, abokai a majalisa. Ga amsoshin wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam, wai da gaske an je wata?

An je. Amurkawa 12 suka taka shi daga Yulin 1969 zuwa Disambar 1972, suka dawo da duwatsu da turɓaya kilo 382. Tarayyar Sobiyet na gasa da Amurka a lokacin, tana bin kumbon da na'urorinta. Da ƙarya ce da ita za ta fara fasa ƙwai.

To yanzu ina ake kai su?

Yawanci tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, wadda ba ta rabu da mutane ba tun Nuwambar 2000. Nisanta daga ƙasa kamar kilomita 400 ne, ko Birnin Kebbi zuwa Abuja bai kai ba. Sin na da tata daban, Tiangong.

An ce ƙarfe kaza za a harba, na ƙona data ban ga komai ba. Ya zan yi in kalla kai tsaye?

Wannan ce kaɗai tambayar da ta cancanci zama, kuma tun yanzu ban ɗaukar maka alkawarin komai ba.

Fara da agogo, nan yawancinku ke faɗuwa. In daga Florida ta Amurka ne, kamar kumbon Dragon na kamfanin SpaceX, muna gaba da su da awa 5 daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni awa 6, don su suna matsa agogonsu mu ba ma yi. In an rubuta ƙarfe 8 na daren Talata a can, mu ɗaya ko biyun dare ne, kuma Laraba ta riga ta shiga. Mutum ya kwana zaune ranar da ba ita ba, gari ya waye ya zo yana tuhumata. In ka ga UTC ko GMT, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ƙara awa ɗaya. In kumbon Soyuz ne na Rasha, daga Baikonur a Kazakistan yake tashi, amma sau da yawa da agogon Mosko suke sanarwa, sai ka cire awa 2.

Ko lissafinka ya yi daidai, ana iya ɗagewa. Kumbon da zai riski ISS dole ya tashi daidai lokacin da hanyar tashar ta ratsa saman wurin harbawa, in ya kuskure sai wata ranar. Dragon na farko da ya ɗauki mutane, ranar 27 ga Mayun 2020 aka shirya, 'yan sama jannatin na ɗaure a kujera, saura minti 17 aka fasa saboda hadari. Sai ranar 30 ya tashi. Wani lokaci ka ga rana tarwal a bidiyo amma a ɗage, saboda teku ya ɓaci a inda za su faɗa in an samu matsala. Kada ka yi tsaki. A Janairun 1986 an harba kumbon Amurka mai suna Challenger cikin sanyin da injiniyoyi suka yi kashedi a kai, daƙiƙa 73 ya tarwatse da mutum 7.

Batun data kuma, shirin kan fara kusan awa 4 kafin tashi, yawanci surutu ne da sa kaya. Shiga saura minti 15, ka rage ingancin hoto, ka tabbata wayarka da caji tun da rana. Cikin minti 9 kumbon ya kai falakinsa, wato hanyar da zai riƙa zagaye duniya, ka ga abin da ka zo gani. Tashar YouTube ta NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, za ka nema, mai alamar tantancewa. Duk wadda ta ce ka turo kuɗin kirifto a ninka maka, ta ɓarayi ce. In kuma sabis ya ɗauke daidai lokacin ƙirga, wannan ba ni da maganinsa.

Za a iya hango tashin rokar daga nan?

A'a. Amma ita ISS tana wucewa ta samanmu, kuma ido zalla ke ganinta, bayan magariba ko kafin asuba. Haske ne fari mai tafiya a hankali, ya ratsa sama cikin 'yan mintuna. In yana ƙyaftawa ja da kore, jirgin sama ne, kada ka kira ni. Manhajar NASA mai suna Spot the Station na ba da lokaci da ɓangaren da za ta ɓullo. Hazon hunturu da gajimaren damina kan hana, ba wayarka ce ta lalace ba.

Ya suke sallah a can?

Tashar na zagaye duniya duk minti 90, rana ta faɗi musu sau 16 a yini. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je sama a 1985. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya zai je a 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun zauna sun rubuta masa ƙa'idojin alƙibla da lokuta. Hukuncin kuwa ku kai wa malamai, ni lissafi na sani.

Mu Najeriya fa?

Muna da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. Tauraron ɗan Adam ɗinmu na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha aka harba shi a 2003, NigComSat-1R kuma daga Sin a 2011. Rokar ɗaukar mutum ba mu da ita.

Nawa ne kuɗin kujera in mutum na son zuwa?

Rahotanni sun ce attajiran da suka je ISS a 2022 kowa ya biya wajen dala miliyan 55. Kai da ka yi tambayar, ka fara biyan kuɗin WAEC tukuna.