Belositi ba sauri ba ne da ya sa babbar riga

Tun da labarin rokoki da makamai masu linzami ya cika gidajen rediyo, kalmar belositi ta shiga bakin masu sharhi. Da yawansu sun ɗauka ita ce sunan sauri na 'yan boko, wadda ake faɗa don a ji mutum ya yi karatu. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ilimin fiziks, sauri adadi ne kawai: kilomita 80 a awa, shi ke nan. Belositi kuwa sai an faɗi inda aka dosa: kilomita 80 a awa, zuwa gabas. Allurar da ke gaban direba sauri kaɗai take nunawa, ba ruwanta da alkibla.

Ɗauki ɗan tsere a layin farko na fili mai zagayen mita 400. Ya tashi, ya kewayo, ya dawo daidai inda ya fara cikin daƙiƙa 50. Matsakaicin saurinsa mita 8 ne a daƙiƙa. Matsakaiciyar belositinsa fa? Sifili. Ga shi nan ya dafa gwiwa yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa, amma lissafi ya ce bai gusa ba, domin belositi ba ta ƙirga doguwar hanyar da aka bi, tazarar da ke tsakanin mafari da matsaya take dubawa. Na ce layin farko da gangan. Wayde van Niekerk, da ya kafa tarihin duniya a tseren mita 400 da daƙiƙa 43.03 a gasar Olympics ta Rio a 2016, a layi na takwas ya gudu, inda ake farawa can gaba, don haka tasa ba ta zama sifili ba.

Haka mota a shatale-tale: allura ta tsaya cak a kan 40, amma kafaɗarka na matse ƙofa, saboda alkibla na sauyawa, belositi na sauyawa tare da ita.

A ganina, masanan ma da nasu laifin. Kalmar daga Latin ta fito, daga velox, wato mai sauri, babu ko ƙamshin alkibla a cikinta. Su suka ɗora mata wannan kaya daga baya, suka kuma zuba ido kowa ya gane.