In ka tsaya, don Allah ka kashe inji

A makon nan yara uku aka kawo min asibiti da ciwo iri ɗaya: tari, numfashi sama-sama, ƙirji yana ƙara kamar usur. Mun ba su magani sun samu sauƙi, amma na san za su dawo. Ɗaya daga cikinsu kullum sai ta tsaya a bakin makaranta tana jiran a zo ɗaukarta, ga motoci jere a gabanta, duk a tsaye, duk injinsu na aiki, bakin salansa daidai hancinta.

Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Mutum ya faka mota, ba tafiya yake yi ba, ya kishingiɗa yana latsa waya minti ashirin, inji na ta ci. Ina dalili? In na yi magana sai a ce wai tayar da mota ya fi cin mai. Wannan zancen tsofaffin motoci ne. A motocin yanzu, tsayuwar da ta wuce daƙiƙa 10 ta fi sake tayarwa cin mai. Wani ya ce batirinsa ba ƙarfi, in ya kashe sai an tura. To, ka je wurin bakanike mana! Huhun ɗan wani ne zai biya maka kuɗin batir?

'Yan uwana direbobi, ba faɗa nake yi da ku ba. Ku ne ma kuka fi shaƙar hayaƙin nan, ku ne kuke zuwa min da ciwon kai da jan ido da tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo kansar huhu. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. A Landan, a 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska cikin abubuwan da suka kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da babban titi. Duk sanda na ga yaro a bakin hanya sai ta faɗo min a rai.

Abin kuma bai tsaya a ƙirji ba. Kowace litar fetur da ka ƙona tana sakin iskar kabon wajen kilo 2.3, ita ce mai tare zafi a sama, tana ɗumama duniya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan iska da ake fitarwa ta hanyar ƙona makamashi daga sufuri take, mafi yawa daga motocin kan titi. Wanda ya ƙona mai ya isa inda za shi, yana da uzuri. Kai da kake tsaye fa?

Masu ƙera motoci sun gane haka. Mota mai haɗa fetur da batir tana kashe injinta da kanta in ta tsaya. Mai lantarki zalla ba ta da salansa ma. A ƙasar Nowe, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a 2024 irinta ce. Abin takaici, na sha ganin mai motar da ke kashe kanta a tsaye ya danna maɓalli ya hana ta, wai tana damunsa. Haba!

Ba sai ka sayi sabuwa ba. Ka yi waɗannan:

- Jira ya kai minti ɗaya, murɗa makulli.
- Bakin makaranta da asibiti, kashe nan take.
- Baƙin hayaƙi ko shuɗi, kai ta gyara, kar a cire matatar da ke cikin salansa.
- Kar ka tayar da mota a rufaffen gareji, kar ka yi barci a ciki inji na aiki. Akwai guba marar wari a hayaƙin, tana kisa.

Yarinyar nan mai jira a bakin makaranta mun sallame ta da maganin shaƙa a jakarta. Ranar Litinin za ta koma ta tsaya a bakin ƙofar nan, inda wataƙila motarka ce a gabanta.