Wai meye OPM ɗin nan da ƴan Filifin ke yawan faɗa?

Duk wanda ya taɓa zama da ƴan Filifin, ko a Jidda ko Dubai ko Doha inda suka cika asibitoci da shaguna, da wuya a ce bai taɓa jin haruffan nan uku a bakinsu ba, OPM. Ni farkon jina na ɗauka wata hukuma ce ta gwamnatinsu irin namu ɗin nan masu sunan haruffa, ashe maganar waƙa ake. Lokacin ina aiki a wani sito a Jidda akwai wani abokin aikina ɗan can, mutum ne shiru-shiru mai furfura a gemu, bini-bini yana lissafin kuɗin da zai tura gida, amma daren Alhamis in suka haɗu a ɗakinsu suka jona ƴar na'urar karaoke ɗinsu a talabijin sai ka rantse ba shi bane, ya rufe ido ya riƙe makirfo da hannu biyu su shida duk suna amshi babu mai kallon rubutun da ke gudu a allo saboda sun haddace tun suna samari. Na tambaye shi waƙar waye, ya ce ta Eraserheads ce, wata ƙungiyar mawaƙan ƙasarsu, ya ƙara da cewa wannan ita ce OPM ta gaske.

Cikakken sunan shi ne Original Pilipino Music, wato waƙar da ɗan Filifin ya ƙirƙira da kansa ba kwaikwayon ta wani ba. Ka lura Pilipino aka rubuta da P ba da F ba, kuma ba kuskure bane, yaren Tagalog a asalinsa ba shi da harafin F shi ya sa suke kiran ƙasar Pilipinas. Mu kuma namu akasin haka ne, P ɗin muke mayarwa F har muka ce Filifin, to kowa da inda bakinsa ya fi sauƙi. Ana danganta ƙirƙirar kalmar da Danny Javier na ƙungiyar mawaƙa ta APO Hiking Society a shekarun 1970.

Abin da mutane ke rikicewa a kai shi ne su ɗauka OPM wani salon kiɗa ne kamar a ce rege ko rap. A'a fa. Tambari ne na mallaka, kamar ka ce wannan kayan gida ne. Waƙar soyayya mai sanyi OPM ce, mai ihun jita OPM ce, rap ma haka, in dai ɗan ƙasa ne ya rubuta. Dalilin da ya sa har aka buƙaci irin wannan tambari kuwa tarihi ne, Sifaniya ta mulke su sama da shekara 300, Amurka ta karɓa daga 1898 har 1946, Turanci ya zauna daram a makaranta da ofis, rediyo kuma ta cika da waƙoƙin Amurka har ya zama mawaƙin gida ana auna gwanintarsa ne da yadda ya iya kwaikwayon na waje. A 1987 shugaba Corazon Aquino ta sa hannu a dokar zartarwa mai lamba 255 wadda ta tilasta wa gidajen rediyo masu shirin kiɗa su sa aƙalla waƙoƙin gida huɗu a kowace awa, kuma dokar ta ce ko da Turanci aka rera in dai ɗan Filifin ne ya ƙirƙira to ta shiga lissafi.

To amma doka ba ta sa mutum ya so abu. Har farkon shekarun 1990 in aka ce OPM abin da ke zuwa ran yawancin mutane shi ne mawaƙi ɗaya cikin kwat yana jan murya yana kukan soyayya. A nan ne Eraserheads suka shigo suka juya wa kalmar fuska, shi ya sa ba za ka iya bayanin OPM ba tare da ka tsaya a kansu ba.

Su huɗu ne, Ely Buendia mai waƙa da jita kuma shi ya rubuta mafi yawan waƙoƙin, Marcus Adoro a jita, Buddy Zabala a jitar bes, sai Raimund Marasigan a ganguna. Ɗaliban jami'ar Filifin ne reshen Diliman a birnin Quezon, sun haɗu a 1989, sunan ma daga wani fim na daraktan Amurka David Lynch suka aro shi. Sun fara da wasa a bukukuwan makaranta da wani kulob da ake kira Club Dredd, suka yi kaset na gwaji a 1991 suka yi ta yawo da shi kamfanoni suna watsa musu ƙasa a ido, sai daga baya BMG ta ɗauke su, albam ɗin farko Ultraelectromagneticpop! ya fito a 1993. Circus ya biyo a 1994, Cutterpillow a 1995, kafin ka ce kwabo an fara kiransu Beatles ɗin Filifin, wato ana kwatanta su da shahararriyar ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila.

Ni a ganina ba gwanintar kiɗa ce ta ɗaga su ba, in ka saurari albam ɗin farko za ka ji sautin ma kamar a ɗakin kwanan ɗalibai aka naɗa, muryar Ely kuma ba irin ta masu gasar waƙa bace. Abin da suka kawo shi ne bakin titi. Sun yi waƙa da yaren da samari ke hira da shi a kantin shayi da cikin jeepney, motar hayarsu mai ado kamar namu ƴan kurkura da aka sha wa fenti, suna cakuɗa Tagalog da Turanci abin da suke kira Taglish, kwatankwacin Ingausar da muke yi. Akwai waƙarsu Pare Ko, kalmar pare kamar ka ce mutumina ne ko abokina, saurayi ne budurwa ta yaudare shi ya zo yana kai ƙara wajen abokinsa, kuma a ciki akwai ashar ƙarara irin wadda mai jin haushi ke yi, har sai da aka yi wata sigar da aka tace saboda rediyo. Yaro ɗan sakandare ya ji wannan ya ce ashe irin maganata ma tana shiga kaset, washegari ya nemi jita. Haka ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, su Rivermaya, su Parokya ni Edgar, su Yano, kamfanonin da a da ke korar irin waɗannan yara suka koma bin kulob-kulob suna nemansu, tashar rediyo ta NU 107 ta zama gidansu.

Manya kam basu ji daɗi ba. A 1995 Sanata Tito Sotto ya nemi a hana sa waƙarsu Alapaap a rediyo wai tana tallan shaye-shaye, kalmar tana nufin gajimare ne ko can sama, su kuma suka ce maganar ƴanci suke, ba a dai hana ta ba, kuma kasan yadda abin yake, duk abin da aka ce kar a ji shi ake rububi. A 1997 bidiyon waƙarsu Ang Huling El Bimbo ya ci kyautar MTV ta zaɓin masu kallo na yankin Asiya, suka je New York suka karɓo, waƙar da aka rera da Tagalog daga farko har ƙarshe.

Rabuwarsu kuwa abin dariya abin haushi. A 2002 Ely ya tura saƙon tes wai shi ya kammala karatu, ma'ana ya bar ƙungiyar, sauran suka ɗauko mace mai waƙa Kris Gorra-Dancel suka ɗan lallaɓa wasu watanni abin bai yi ba, kowa ya kama gabansa, Ely ya kafa ƙungiyar Pupil daga baya, Raimund ya maida hankali kan tasa ƙungiyar Sandwich. Da suka sake haɗuwa ranar 30 ga Agusta 2008 a Taguig da ke yankin Manila rabin wasa aka yi aka garzaya da Ely asibiti, dama ya taɓa samun bugun zuciya a 2007 ga kuma rasuwar mahaifiyarsa kwanaki kaɗan kafin wasan. Sun rama a ranar 7 ga Maris 2009 a filin Mall of Asia, kwana ɗaya bayan rasuwar abokinsu mai rap Francis Magalona, a ƙarshen wasan Ely ya cinna wa tsohuwar fiyanon da ke bangon albam ɗinsu na Sticker Happy wuta a gaban jama'a. Kowa ya ce shikenan an rufe. Sai ga su kuma ranar 22 ga Disamba 2022 a Parañaque da ke yankin Manila, iyaye da ƴaƴansu a fili ɗaya.

Yanzu kalmar ta ƙara faɗi har gardama ake a kanta. Ƙungiyoyin matasa masu rawa irin su SB19 da BINI da ake kira P-pop, wasu na cewa OPM ne tunda ƴan ƙasa ne kuma da yaren gida suke yi, wasu tsofaffi kuma na cewa wannan ai salon Koriya ne aka sa wa hula. Mutanen tsibirin Cebu masu waƙa da yaren Bisaya su ma suna da nasu ƙorafin, cewa in an ce OPM kullum Manila da Tagalog ake nufi kamar babu sauran yaruka a ƙasar. Abokin nan nawa yana ɓangaren tsofaffin ne, na taɓa tsokanarsa na ce ai Eraserheads ɗin ma kiɗan Turawa suka aro, jita da ganguna ba a Manila aka ƙirƙire su ba, ya harare ni ya ce jitar ta aro ce amma ashar ɗin tasu ce, ya miƙa hannu ya ƙara wa talabijin murya.