Shirun da kuke yi wa oga shi yake kawo ku layin awo

Ranar Talatar da ta wuce wata yarinya ta zauna a gabana, ba ta kai shekara talatin ba. Na ɗaura mata abin awon jini, sai ga 160 a kan 100. Na ce ta huta tukuna, na sake aunawa, bai sauka ba. Zuwanta na uku ke nan cikin wata biyu: ciwon kai, zafin ƙirji, ga rashin barci. An yi gwajin maleriya, an yi na taifot, babu komai. Na ajiye biro na ce, "Ƙanwata, gida lafiya?" Ta ce lafiya lau. "Wajen aiki fa?" Sai ta sunkuyar da kai, hawaye suka zubo.

Ogansu ne. Sai an tashi kowa ya watse yake kiran ta ofis, ya tura ƙofa. Tsakar dare yana turo mata saƙon da bakina ba zai iya maimaitawa ba. Da ta ƙi ba shi fuska sai ya koma yi mata tsawa a gaban kwastomomi, yana yankar mata albashi a kan lattin minti biyar. Na ce wa kika gaya wa? Ba kowa. Ina saƙonnin? Ta goge su, wai kada wani ya ɗauki wayarta ya gani.

Wallahi wannan shirun ya ishe ni.

Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba mata kaɗai ba. Na ga direba magidanci da maigidansa yake zagin uwarsa a gaban yara, shi kuma ya dawo gida ya huce a kan matarsa. Na ga malamin makarantar kuɗi da shugabansu yake kira jaki a gaban ɗalibai, har ya fara shan tiramadol kafin ya fita da safe, wai don ya iya daurewa. Masu shara, masu gadi, 'yan koyon ɗinki, har da mu ma'aikatan asibiti, domin mu ma ba mu tsira ba. Dukansu magana ɗaya suke faɗa mini: "Anti, ya za a yi? Sai dai haƙuri."

Ba sai na yi muku karatun likita ba. Wanda yake kwana da fargaba ya tashi da ita, wata da watanni, barcinsa zai gudu, abinci zai fita ransa, jininsa yana iya hawa. Maimakon ku faɗi abin da yake cin ku, sai ku tsaya a kemis ku sayi Panadol ku haɗa da daikulofinak, ku watsa a cikin da ba komai, gobe ku zo mana da kukan olsa. Zan rubuta muku magani, aikina ne. Amma ranar Litinin kuna komawa gaban mutumin nan, ciwon yana nan inda kuka bar shi.

Na san abin da kike tsoro, 'yar uwa, kuma ban raina shi ba. Aiki yana wuyar samu, kwanon shinkafa kin san nawa yake, wataƙila albashin nan naki shi yake riƙe da gidanku. Kina tsoron in mijinki ya ji ya ce kin gama aiki ke nan. Kina tsoron a ce ke kika kai kanki. Kai ma ɗan uwa, kana jin kunyar a ce namiji guda yana kukan an zage shi. Duk na ji. Amma mutumin nan da shirunki yake taƙama. Ya gwada a kan wadda take kujerar kafin ke, ta yi shiru ta ajiye aiki, shi ya sa ya samu ƙarfin gwiwar gwadawa a kanki. In kika tafi ba ki ce komai ba, yarinyar da za a ɗauka bayanki ita ce a layi.

Ku kuma iyaye da yayye da mazaje, da ku nake. Yarinya ta yi ta maza ta buɗe baki, sai ku ce mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wasu ma har da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haba jama'a! Wane wari? Mai zumbula hijabi har ƙasa ma na ga an yi mata. Ku kuke rufe musu baki, sannan ku ɗauko su a Keke Napep ku kawo mana jiri yana ɗibar su, kuna tambaya ko aljanu ne. Ku bari. In ta gaya muku, ku zaunar da ita ku saurara har ta gama, ku raka ta inda za ta kai ƙara.

Kuma akwai inda ake kaiwa. Tsarin mulkin Nijeriya, a sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar cin zarafi da neman lalata a wajen aiki, kuma tana zama a Kano da Kaduna da sauran manyan birane. Wata ma'aikaciya da aka kora bayan ta ƙi yarda da ogansu ta kai shi da kamfanin Microsoft gaban kotun nan a Legas, a 2013 ta yi nasara, aka yanke a biya ta diyya. Akwai dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda jihohi da yawa suka amince da ita. A 2022 ma Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi musamman a kan tsangwama a wajen aiki. Sai dai alƙali da hujja yake aiki, ke kuma kin goge saƙon da hannunki.

To ku ji, a gurguje:

Kada ki goge saƙo ko muryar da ya turo. Ki ɗauki hotonsu ki tura wa wadda kika amince da ita.
Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci da abin da ya faɗa da wanda yake wajen. A gida za ki ajiye shi.
Ki gaya masa sau ɗaya, a rubuce in da hali, cewa ba kya so ya daina.
Ya kira ki ofis, ki bar ƙofa a buɗe ko ki shiga da wata.
Ki kai ƙorafi a rubuce ga na sama da shi ko ƙungiyarku ta ma'aikata, ki riƙe kwafi.
In sun danne maganar, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ga Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, ga lauyoyi mata na FIDA.
Kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki cikin fushi ko tsoro kafin ki yi shawara da lauya.

In kuwa abin ya kai ga ya yi miki ta ƙarfi, wannan ba ta jira ba ce. Ki zo asibiti a ranar, kafin ki yi wanka in zai yiwu. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, in ya wuce an makara. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Sakkwato akwai ta Nana Khadija. An buɗe su ne saboda irin wannan, ba mai yi miki gori a can.

Yarinyar nan ta ranar Talata na ce ta dawo ranar Alhamis da yayarta, mu sake awo, mu zauna mu uku mu rubuta abin da take iya tunawa tun daga farko. Ke ma in kin zo na tambaye ki wajen aiki fa, don Allah kada ki ce mini lafiya lau alhali idonki ya faɗa. Ɗakina da ƙofa, zan rufe ta, ki gaya mini.