Mene ne "koren fili" a tsarin birni?

Idan masu tsara birane suka ce "koren fili", suna nufin duk wani yanki a cikin gari da aka bar ƙasarsa a buɗe, ba siminti ba kwalta, tsirrai na rayuwa a kai: wurin shaƙatawa, itatuwan gefen titi, bakin rafi, fadama, har da ɗan kurmin da gine-gine ba su cinye ba. Ba don ado kawai ake barinsa ba, aiki yake yi wa gari kamar magudanar ruwa.

Kwalta da siminti suna shan zafin rana da yini, su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar birni ya fi karkarar da ke kewaye da shi zafi. Itace na rage wannan da inuwarsa da kuma danshin da ganyensa ke fitarwa. A birnin Medellin na Kolambiya an fara shuka hanyoyin itatuwa 30 a 2016, zafin garin ya ragu da kusan digiri 2. Ƙasa buɗaɗɗiya kuma tana shanye ruwan sama kafin ya taru ya zama ambaliya.

A 2021 masanin itatuwan birane Cecil Konijnendijk ya fito da ƙa'idar 3-30-300: kowa ya iya hango itatuwa uku daga gidansa, inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na unguwa, kuma kada tazarar gida da koren fili ta wuce mita 300. Kusancin nan ne ake yawan mantawa da shi. Katafaren lambu a bayan gari bai amfani tsohuwar da ba ta iya doguwar tafiya da komai ba.

Sai dai ba kowane kore ne ke da rai ba. Filin ciyawar da ake aske wa kowane mako yana da kyau a ido, amma ƙudan zuma da tsuntsaye ba su samun abin ci a ciki, ga shi da shan ruwa. Tsirran asali, wato waɗanda suka tashi a yankin da kansu ba kawo su aka yi ba, su ne ƙwarin wurin suka saba ci, da ƙwarin kuma yawancin tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu. Da zarar sun kama ƙasa, ban ruwansu kaɗan ne. Baƙon itace kuwa yana iya gagara: Prosopis da aka kai Kenya da Habasha don tare hamada ya mamaye makiyaya.

Cika titi da itace iri ɗaya ma kuskure ne babba. Wani ƙwaro da aka gano a jihar Michigan ta Amurka a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwa iri guda, ya bar tituna tsirara. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na itatuwan gari.

Wajen dasawa ake yawan asara. A haƙa rami mai faɗin ninki biyu zuwa uku na dunƙulen saiwa, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin dunƙulen, domin binne gindi yana ruɓar da shi. A shimfiɗa busasshen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 10 a kewaye, ba tare da ya taɓa gindin ba. A kuma ware kuɗin ban ruwa na shekara biyu zuwa uku tun a cikin tsarin aikin, don a wannan tsakanin ne aka fi asarar dashe.