Waiwaye: Hayar sabar ko sayen na'ura, yadda aka zo nan

A Garwa da Marwa na arewacin Kamaru yanzu, masu shagunan magani, makarantu masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni suna ta gardama: a ci gaba da biyan hayar sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanai da gudanar da manhajoji) a intanet, ko a sayi na'ura a girke ta a ofis? Masu cewa tsadar hayar ta faɗo rana tsaka ba su bi sawun lamarin ba.

Mafarin sananne ne. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar sabar, wasu kamfanoni suka bi baya. Mutanenmu sun karɓa hannu bibbiyu, kuma da hujjarsu: zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, wutar arewacin Kamaru kuma a lokacin ta rataya ne a kan madatsar Lagdo. In ruwa ya ja baya, sai janareta da kuɗin gazuwal.

Abin da aka cika mantawa shi ne watanni goma da suka biyo bayan Mayun 2014. A lokacin yuro ɗaya yana kusan dalar Amurka 1.39, amma zuwa Maris 2015 ya sauko kusan 1.05. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, saboda haka duk inda yuro ya gangara tare suke tafiya. Dalar Amurka ta tashi daga wajen sefa 470 zuwa sama da 620. Mai biyan hayar dalar Amurka 200 a wata, wanda a da sefa 94,000 ke isarsa, sai ya koma neman 124,000, alhali ba a ƙara masa komai ba.

Ba a yi kuka sosai ba, domin a lokacin masu hayar ba su da yawa, bayanansu ma kaɗan ne. A ganina a nan aka yi sake. Lokacin ya nuna ƙarara cewa mai sayen na'ura sau ɗaya canji ke cizonsa, mai haya kuwa kowane ƙarshen wata. Waɗanda suka kama haya a Faransa, inda ake biya da yuro, ba su ji a jikinsu ba. Sauran suka ci gaba da tara hotunan rasit da sunayen ɗalibai shekara da shekaru, ba su lura cewa kwashe bayanai daga can ma da kuɗinsa ba. Da yuro ya faɗi ƙasa da dalar Amurka a 2022, canji ya kai wajen sefa 680, fita ta riga ta yi tsada.

Yau farantan sola da batura sun yi sauƙi, shi ya sa masu son saye suka sami bakin magana. Sai dai na'ura tana son ɗaki mai sanyi, da wurin ajiye kwafi na biyu, da ƙwararren da zai zo in faifan ajiye bayanai ya mutu. Irin waɗannan ƙwararru kuwa yawancinsu suna Duwala da Yawunde.